Tsawon Rai Mai Amfani



Babu wata addu'a da ta fi zama a bakin Bahaushe kamar addu'ar tsawon rai, domin da ita talaka yake gaida sarki in ya faɗi gabansa ya ce ranka ya daɗe, da ita ake karɓar jariri ranar suna a ce Allah ya raya, da ita kuma ɗa yake rabuwa da mahaifinsa in zai yi tafiya. Amma na daɗe da lura cewa dattawan da suka san nauyin magana ba su cika barin wannan addu'a haka kawai ba, sai sun ɗaura mata wani sharaɗi a wutsiya, su ce Allah ya ba da tsawon rai mai amfani, ko mai albarka. A kan wannan sharaɗi nake so mu tsaya yau, saboda a zamaninmu an sami waɗansu mutane, masu ilimi da masu dukiya, waɗanda suka ɗauki neman tsawon rai suka shigar da shi ɗakunan bincike, suna bin sa da madubin likita da kuɗi masu yawan gaske. Kamfanin Google ya kafa wani reshe mai suna Calico a shekarar 2013, ba don kome ba sai nazarin tsufa, kuma a 2022 aka buɗe wani mai suna Altos Labs da jarin dala biliyan 3.

Kafin a yi maganar ƙari, ya kamata a san iyakar da aka gani. Mutumin da aka tabbatar da shekarunsa da takarda, ya fi kowa daɗewa a wannan zamani, wata mace ce Bafaranshiya daga garin Arles, Jeanne Calment, wadda aka haifa a 1875 ta rasu a 1997, tana da shekara 122 da kwana 164. A maza kuwa ba a sami wanda ya wuce Jiroemon Kimura na Japan ba, wanda ya cika a 2013 yana da 116. Na san a nan wani mai sauraro zai ce ai a ƙauyensu akwai tsoho mai shekara 130, kuma ba zan ƙaryata kowa ba. Sai dai iyayenmu da abin da ya faru suke lissafi, su ce an haife su shekarar yunwa kaza, ko sun yi aure shekarar da Sarauniyar Ingila ta zo Kaduna, wato 1956, kuma irin wannan lissafi yana miƙewa da tsufan mai yin sa. Ko inda ake da takardu ma ba a tsira ba: a 2010 ma'aikata a Tokyo suka je taya wani dattijo, Sogen Kato, murnar cika shekara 111, sai suka tarar da gawarsa a ɗaki ta yi kusan shekara 30, kuma da aka bi rajistar ƙasar aka ga sunaye fiye da 230,000 na waɗanda ake ƙirgawa sun haura ɗari alhali ba a san inda suke ba.

To, me ya sa jiki yake tsufa? Hakiman dā, irin su Ibnu Sina, suna kwatanta rai da fitila, wadda take ci tana shan manta har ya ƙare, suna ganin tsufa bushewar damshin asali ne da aka halicci mutum da shi. Masu binciken yau sun gangara ƙasa da haka, zuwa ga ƙwayoyin halitta waɗanda daga gare su aka gina tsoka da jini da ƙashi, kuma a cikin kowace akwai rubutun gado da ake kira DNA, wanda mutum yake karɓar rabinsa daga uwa, rabi daga uba. An yi shekaru ana ɗauka cewa ƙwayar halitta ba ta mutuwa in an ba ta abinci, saboda wani mashahurin likita, Alexis Carrel, ya yi da'awar ya raya tsokar zuciyar ɗan tsako a kwalba fiye da shekara 30. Har sai da Leonard Hayflick, a birnin Filadalfiya ta Amurka, ya nuna a 1961 cewa ƙwayar ɗan Adam lafiyayya takan rabu gida biyu kamar sau 50 ne, sa'an nan ta tsaya. Abin da ya fi ba ni mamaki a aikinsa shi ne, in ya daskarar da ƙwayoyin bayan sun rabu sau 20, ya ajiye su wata da watanni, ranar da ya narkar da su sai su ɗora daga inda suka tsaya, kamar mai tasbihi da ya riƙe carbinsa a ƙwayar da aka katse shi.

Daga baya aka gane ɗaya daga cikin sababan haka. A bakin kowane zare na wannan rubutun gado akwai wani abu kamar kalmasar da tela yake yi wa bakin zane don kada ya zare, sunansa telomiya, kuma duk rabuwar da ƙwaya ta yi sai kalmasar ta ɗan ragu. Elizabeth Blackburn da Carol Greider da Jack Szostak sun sami lambar Nobel a 2009 saboda bayanin wannan da kuma gano sinadarin da yake sake tsawaita ta. Mai gaggawa zai ce shi ke nan, a ɗura wa mutane sinadarin. Amma ga inda hikimar halitta take sa mutum ya yi shiru: ƙwayar da ta kuɓuce wa wannan iyaka, ta yi ta rabuwa ba tsayawa, ita ce galibi ƙwayar ciwon daji. A 1951 aka yanki ɗan ƙari daga jikin wata baƙar fata Ba'amurkiya, Henrietta Lacks, ba tare da an nemi izininta ba; ta rasu a shekarar tana da 31, amma ƙwayoyin cutar da ta kashe ta suna nan suna hayayyafa a ɗakunan bincike na duniya har gobe. Ashe iyakar da muke kuka da ita katanga ce kuma da take tsare mu.

Babban juyi a wannan ilimi daga wata 'yar tsutsa ya zo, wadda tsawonta bai wuce milimita ɗaya ba, tana zaune a ƙasa da ruɓaɓɓen ganye, rayuwarta duka mako biyu zuwa uku. Masu bincike suna son ta domin jikinta garau yake, ana hango cikinta, kuma ana iya kallon ƙuruciyarta da tsufanta da mutuwarta kafin wata ya ƙare: da fari tana tafiya tana lanƙwasa kamar maciji, daga baya ta yi nauyi, fatarta ta yamutse, ƙarshe sai kai kaɗai take iya motsawa in an taɓa ta. A 1993 Cynthia Kenyon, a San Faransisko, ta ba da rahoton cewa sauya ƙwayar gado guda ɗaya tak, wato guntu ɗaya na rubutun gadon nan, mai suna daf-2, ya sa tsutsar ta rayu ninki biyu, kuma, wannan shi ne muhimmi, a ranar da 'yan'uwanta suka mutu ita tana yawonta kamar matashiya. Da aka bi diddigi sai aka ga ƙwayar tana da alaƙa da yadda jiki yake jin saƙon insulin, wato yadda yake gane ko ana cikin wadata ko ana cikin yunwa. In ya ji alamar ƙaranci, sai ya rage hanzarin girma ya koma gyaran kansa. Wannan ya haɗu da abin da Clive McCay ya gani tun 1935, cewa ɓerayen da aka rage wa abinci, ba tare da an hana su abin gina jiki ba, sun fi masu ci su ƙoshi daɗewa. Likitocinmu na Musulunci sun daɗe suna gargaɗi a kan cika ciki, kuma ba laifi mutum ya ji daɗin wannan dacewa, muddin bai mai da ita hujjar da ba ta kai ba.

Bayan tsutsa an yi ta samun irin haka a ƙuda da ɓera. Wani magani, rapamycin, wanda asalinsa daga ƙasar wani tsibiri ne mai nisa a tekun Pasifik, ya ƙara wa tsofaffin ɓeraye kimanin kashi 9 zuwa 14 cikin ɗari na kwanakinsu a gwajin 2009, sai dai yana raunana garkuwar jiki, shi ya sa ake ba waɗanda aka yi wa dashen ƙoda. Shinya Yamanaka na Japan kuma ya nuna a 2006 cewa da ƙwayoyin gado huɗu ana iya mayar da balagaggiyar ƙwayar halitta zuwa halinta na farko, kuma a kan wannan ne masu jarin da na ambata suka fi ɗora fatansu, ko da yake in aka zarce da shi a jikin dabba ƙari yake haifarwa.

Ɗan Adam fa? A nan murya takan sauka. An bi tarihin tagwaye, biyu-biyu har sau 2,872, da aka haifa a Denmak tsakanin 1870 da 1900, aka kwatanta masu kama ɗaya da waɗanda ba su yi kama ba, sai aka ƙiyasta cewa gado ya ɗauki kimanin rubu'in bambancin tsawon rai tsakanin mutane ne kawai. Wani nazari na 2018, wanda masana Calico da kansu suka yi a kan salsalar miliyoyin mutane, ya ce bai ma kai ushiri ba. Sauran yana ga abinci da ruwa da aiki da mazauni da abin da Allah ya hukunta na haɗari da annoba. Gaskiya ne waɗanda suka haura ɗari sukan fito daga gidaje masu daɗewa, kuma Nir Barzilai, wanda ya nazarci irinsu a cikin Yahudawan New York, ya tarar da yawansu ba su fi kowa kiyaye ci da sha ba, har da masu shan taba. Gaskiya ne kuma an ga ƙwayoyin gado biyu suna maimaituwa a bincike daban-daban, FOXO3, wadda 'yar'uwa ce ga wata ƙwayar da aikin tsutsar nan ya dogara a kanta, da APOE. Amma babu wata ƙwaya guda da za a murɗa kamar famfo. Kuma akwai darasi daga gida: wani nau'in APOE da yake jawo cutar mantuwa ga Turawa ƙwarai, da aka yi doguwar kwatantawa tsakanin tsofaffin Ibadan da baƙaƙen fata na Indiyanapolis, sai aka ga tasirinsa a Ibadan ya fi rauni. Alhali mafi yawan mutanen da aka gina wannan ilimi da jininsu Turawa ne, 'yan asalin Afirka ba su kai kashi 3 cikin ɗari ba, duk da cewa a nahiyar nan bambancin gado ya fi yawa a duniya.

Yanzu sai mas'alar halasci da dacewa, wadda ita ce ta sa na ɗauko zancen. Shubuhar da ta fi saurin zuwa bakin mutane ita ce wai wannan ja ne da ƙaddara. Ni ban ga haka ba, kuma ba zan daɗe a kai ba. Ajali yana cikin ilimin Allah, babu likitan da zai gabatar da shi ko ya jinkirta shi, kuma magani sababi ne daga cikin sababai, kamar shuka ga mai neman girbi. Sayyidina Umar ya juya da jama'arsa daga hanyar Sham da ya ji annoba ta sauka can, bai ga hakan ya saɓa wa tawakkali ba. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello ya yi wallafe-wallafe a kan magani. Kuma malaman usulu, tun daga Gazali har Shaɗibi, sun sanya kiyaye rai cikin larurori biyar da shari'a ta zo don tsare su, tare da addini da hankali da nasaba da dukiya. Abin lura kawai shi ne, a ruwayar da Abu Dawuda da Tirmizi suka kawo ta umarni da neman magani, an keɓe tsufa daga abin da yake da waraka. Wannan kuwa, a fahimtata, yana rufe ƙofar mafarkin dawwama ne, bai hana a nemi sauƙin cututtukan da suke rakiyar tsufa ba.

Inda zuciyata take tsayawa wani wuri ne dabam. Kakata ta wajen uwa ta yi shekara shida a kwance bayan ɓarin jikinta ya shanye. Ƙanwar mahaifiyata ce ta ɗauki jinyarta, kuma ina yaro nakan ga yadda take tashi kafin asuba ta ɗora ruwa, ta juya tsohuwar daga wannan gefe zuwa wancan don kada bayanta ya yi gyambo, ta shafa mata man kaɗanya a gwiwa da diddige, ta dama kunu mai ruwa-ruwa ta riƙa ba ta da ƙaramin ludayi, rabi yana shiga rabi yana bin haɓa tana sharewa da gefen zanenta. A shekara biyun ƙarshe tsohuwar ta manta sunayenmu duka, takan dubi 'yarta ta ce, “Baiwar Allah, wa ya aiko ki?” ita kuma ta amsa, “Ni ce, Inna, sha kaɗan.” Fatiha kaɗai ba ta ɓace mata ba. Ba na cewa waɗannan shekaru ba su da daraja, Allah ya kiyaye; an sami lada a ɗakin nan wanda ba a samu a wurare da yawa. Shi ya sa ban yarda da likitan nan na Amurka ba, Ezekiel Emanuel, da ya rubuta a 2014 cewa ya fi son ya mutu a 75, domin kimar mutum ba ta ƙarewa ranar da amfaninsa ga kasuwa ya ƙare. Amma da za a ce da ni a zaɓa wa kakata tsakanin ƙarin shekara goma a kan wannan tabarma da a mayar mata da shidan nan tana tafiya masallacin unguwa da ƙafarta, ba zan yi jinkiri ba. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna kusan shekara goma ne tsakanin abin da mutum yake rayuwa da abin da yake rayuwa cikin lafiya, kuma tun 1980 wani likita, James Fries, ya ce aikin da ya kamata shi ne a matse kwanakin ciwo su koma 'yan kaɗan a ƙarshen rai. Binciken da ya nufi wannan, ina yi masa fatan nasara da zuciya ɗaya, kuma tsutsar Kenyon, wadda ta tsufa a makare, tana nuna ba mustahili ba ne.

Sai adalci, kuma a nan ne nake jin zafin abin. Yaron da aka haifa yau a Japan ana sa ran zai kai kimanin 84. Wanda aka haifa a Nijeriya ko Cadi, hamsin da 'yan kai. Ba wai dattawanmu a hamsin suke mutuwa ba. Matsakaicin lissafi ne, kuma abin da yake jan sa ƙasa ƙananan kaburbura ne, domin kusan yaro ɗaya cikin goma a ƙasashenmu ba ya ganin shekararsa ta biyar, saboda zazzaɓin cizon sauro da gudawa da ciwon haƙarƙari da tamowa, abubuwan da an san maganinsu tun kafin a haifi mafi yawanmu. Duniya ta tashi daga matsakaicin shekara 46 a 1950 zuwa sama da 70 a yau, ba da sauya ƙwayar gado ba, sai da rigakafi da ruwa mai tsabta da ungozoma mai horo. Wanda yake son ya ga yadda rabon zai kasance in maganin tsufa ya fito, ya dubi sikila. A ƙarshen 2023 Ingila da Amurka suka amince da magani na farko da aka yi da fasahar gyaran gado ta CRISPR, kuma na sikila ne, cutar da babu ƙasar da ta fi Nijeriya yawan masu ita, inda ake haihuwar jarirai kimanin 150,000 da ita kowace shekara. Kuɗin da aka sa masa a lokacin dala miliyan 2.2 ne ga mutum ɗaya. A nan kuwa uwa tana tsaye gaban mai sayar da magani tana lissafin ko kuɗinta zai kai na wata guda na hydroxyurea, maganin da masu sikila suka saba sha. Masu kuɗi sun riga sun fi talaka gida da abinci da makaranta, amma har yanzu tsufa yana riskar kowa a kusan lokaci guda. In aka wayi gari shekaru su ma sun zama haja, to an buɗe wani nau'in fifiko da ɗan Adam bai taɓa ɗanɗanawa ba.

Akwai kuma abin da ya shafi waɗanda ba su zo ba tukuna. Gyaran da aka yi a jikin baligi da yardarsa yana ƙarewa da shi, amma wanda aka yi a ɗan tayi yana bin zuriya. A Nuwamban 2018 wani masani a Sin, He Jiankui, ya sanar da cewa an haifi tagwaye mata da ya sauya musu ƙwayar gado tun suna tayi, duniya ta yi masa ca, kotun ƙasarsa ta ɗaure shi shekara uku. Majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta riga ta yi bayani tun 1998, ta halatta amfani da wannan ilimi wajen rigakafi da magani bisa sharaɗin kada cutarwarsa ta rinjayi amfaninsa, ta hana wasa da halittar mutum da sunan kyautata iri. Mu kuma da muka ga abin da ya biyo bayan gwajin maganin sanƙarau a kan yara a Kano a 1996, da yadda rashin amincewar da ya haifar ya taimaka wajen gudun allurar shan inna bayan shekaru, mun san tsadar izinin da ba a nema da gaskiya ba. In za a ɗebi jininmu don wannan bincike, kuma ina ganin ya kamata mu shiga, to a yi da bayani cikin harshen da mutum yake ji, da masananmu a kan teburin, da alkawarin cewa abin da aka samo zai dawo.

Ban manta da tsarin zaman jama'a ba, ko da yake wannan hasashe ne. Gona da sarauta da kujerar mulki duk an gina su a kan cewa na gaba zai gusa na baya ya matso. In uba zai kai 130 da ƙarfinsa, ɗansa zai yi furfura yana jiran gandu, kuma matasan nahiyar nan, waɗanda su ne mafi rinjaye, sun riga sun san ɗacin jiran wanda ba ya tashi. Wannan ba dalili ba ne na a so mutuwar kowa, dalili ne na a koyi sauka tun da sauran ƙarfi.

Ƙanwar mahaifiyar tawa yanzu ita ce tsohuwar gidan, ta haura saba'in, tana fama da hawan jini, irin wanda ya kwantar da mahaifiyarta. Ƙwayar da take sha kowace safiya an san ta fiye da shekara hamsin, kuma kuɗinta na wata bai kai na buhun gawayi ba. Ranar da na kai mata ziyara da sallar da ta wuce na tarar kwalbar babu kome, ta ce ta ƙare kwana tara ke nan, ba ta so ta dami kowa. Na aiki yaro ya sayo, na zauna har ta haɗiya, sa'an nan ta miƙe da kanta ta ɗauko mini ruwa a randa.